Gumaguman Bappa Idi

Ina cikin gyaran alayyahu ranar Laraba da hantsi, ana ɗan yayyafi, Yaya Sani ya kira ni. Ko sallama bai yi ba. "Rabi, Baba ya rasu," ya ce, sai wayar ta katse. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin in sami keke daga Ɗan Iya zuwa Fadaman Mada har an yi masa wanka.

Bappa Idi, mahaifin Yaya Sani, ƙanin mahaifina ne, kuma a hannunsa na tashi. Kafinta ne tun yana saurayi. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya bar wa yaransa shago, ya koma gonarsa ta hanyar Dass, yana noma wake da kabewa da riɗi. Mutum ne mai ƙarancin magana, marar son a gode masa. In ya gyara miki ƙofa, kafin ki kawo ruwa ya kai bakin titi.

Akwai manyan ƙudan zuman nan baƙaƙe masu huda itace, wasu da ratsin rawaya a baya. Duk kafinta ya tsane su, domin katakon rufi suke ɓatawa. Bappa ya sha shafa musu baƙin mai. Wata damina kabewarsa ta yi fure sosai amma 'ya'ya kaɗan, sai wani malamin gona ya nuna masa cewa waɗannan ƙudajen ne ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan, kuma feshi da sare itatuwa sun kore su. Bappa bai yi gardama ba. Ya samo gumaguman rimi da na mangwaro, ya kakkafa su a gefen gona, ya yi wa kowanne 'yar hular kwano don kada ruwa ya jiƙa shi. Ya bar ciyawar wajen ta yi fure, ya ajiye ɓarin fasasshiyar tukunya da ruwa da tsakuwa a ciki, ya daina feshi da safe. Yakan ce, "Na daɗe ina toshe musu ƙofa, yanzu ni ne kafintansu."

Maƙwabtan gona sun yi ta tsiya, wai yana kiwon macizai. Mu ma a gida dariya muke yi. Shi kuwa sai ya ɗora mana kabewar da sai an rungume ta, ya ce, "Ku ci, 'yan aikina ne suka yi, kuma ba su taɓa tambayata ladan yini ba." Ko jikokinsa ba ya yi wa tsawa, sai ranar da ɗaya ya cusa tsinke a ramin gungume.

Da na so in tsaya a nan. Amma mutane da yawa sun ci abincin sadakar uku sun sa mana albarka, ni kuwa albarkar nauyi take yi mini.

Girkin ranar a hannuna yake. Itacen da aka sayo jiƙaƙƙe ne, sai hayaƙi, ga tukwane, ga baƙi sun cika rumfa. Na ce wa Yaya Sani, "Don Allah Yaya, a samo mana busasshe ko daga ina ne." Bayan wani lokaci ya dawo da a-kori-kura, aka sauke gumagumai busassu ƙayau, kamar ba damina ba. Wallahi na gan su da ramuka. Yaya Sani da hannunsa ya cire hulunan kwanon. Babu wanda bai san daga inda suka fito ba, amma shinkafa muke tunani. Aka sa gatari, aka tura a murhu, wuta ta kama nan take, har wata ta ce kai, wannan itace da kyau yake.

Sai ƙugi ya tashi. Ƙudajen suka riƙa fitowa daga ramuka, wasu suna faɗawa wuta, wasu suna zagaya tsakar gida. Wani ɓari da aka faskara ya buɗe, ga ɗakuna a jere, kowanne da ɗan dunƙulen rawaya da farar tsutsa a kai. Mata suka watse suna kare fuska da mayafi.

Inna Ladi, matar Bappa, tana ɗaki cikin takaba. Ƙugin ne ya fito da ita bakin ƙofa. Ta dubi murhu, ta dube ni, ta dubi ɗanta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sani, ko kwana uku ba ku bari ya yi ba?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ina riƙe da muciya, na rasa inda zan sa fuskata. Kulawar da Bappa ya yi wa gumaguman ce ta sa suka bushe, bushewar ce kuma ta sa muka ƙona su. Yaya Sani ya durƙusa ya ce, "Inna, a yafe mana." Ta ce ita ba ta da abin yafewa, ba gidanta aka ƙona ba. Muka janye waɗanda wuta ba ta ci ba, muka ƙarasa girkin da jiƙaƙƙen itace, kowa na hawaye, babu mai cewa hayaƙi ne.

Washegari ta kira ni. "Rabi, ni ba ni da fita. Wake yana fure yanzu. Ku mayar."

Muka mayar da abin da ya saura. Yaya Sani ya tsinto hulunan kwanon a inda ya yar da su, ya buga kowace a wurinta. Ba mu iya kafa gumaguman tsaye kamar na Bappa ba, duk sun karkace. Da ma Yaya Sani ya yi niyyar sa tarakta ta haɗe gefen da gona baɗi, yanzu ya ce ba zai taɓa ba. Muna shirin tafiya na ga ɗaya daga cikin ƙudajen tana ta shawagi a wurin da babban gungumen yake da, inda rami kawai ya saura a ƙasa. Har muka hau keke ba ta bar wurin ba.

Allah Ya jiƙan Bappa Idi, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa. Duk halittar da ta sami mafaka a hannunsa, Allah Ya sa a mizaninsa. Allah Ya ba Inna Ladi haƙuri, Ya raya 'ya'ya da jikoki. Mu kuma da ya bari, Allah Ya yafe mana, Ya sa mu iya riƙe abin da ya kafa. Amin.