Kurnar Littafin Farko: Ta'aziyyar Malam Siddiƙu Mai-Ɗab'i

Na Allah muke, kuma wurinsa za a mai da mu ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Safar na shekara ta 1429, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Siddiƙu Maccido, mai buga littattafai a Wurno, bayan jinyar wata biyu. An yi masa sutura bayan azahar.

Ni ne Halliru, wanda mutanen Kwargaba ke kira Mai-Jaki. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Babbar ɗiyar mamacin, Malama Khadijatu, ita ke riƙe da alƙalami, kuma na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mani baki.

Siddiƙu, na girme ka da shekara ashirin. Kai ya kamata ka tsaya bakin kabarina, sai ga shi ni na tsaya bakin naka. Akwai laifin da na yi maka, kuma a nan zan faɗe shi, gaban kowa, tunda ban faɗa maka ba kana da rai.

Farkon haɗuwarmu, shekarar da ruwan madatsar Goronyo ya rufe tungarmu. Na kwaso iyalina na dawo Kwargaba wurin dangin uwata, ba ni da gona, ba ni da komi sai jaki ɗaya da abin da ke cikin kaina. Kai kuwa ka dawo daga birni da wani tsohon injin ɗab'i da ake juyawa da hannu. Anka ce maka akwai wani tsoho da ya san sunan kowace rijiya da kowane gida na garin da ruwa ya ci. Ka biyo ni har gindin rumbu. Na kore ka sau biyu. Na uku ka zo da goro da tabarma, ka zauna ka ce ba ka tashi. Kwana arba'in ina faɗa kana rubutawa: wa ya fara saran daji, wa ya gina masallaci, shekarar fara, shekarar da Rima ya yi ambaliya har ya tafi da maƙera. Shi ne littafinka na farko.

Ranar da ya fito, ka zo kana murna, amma murnar ba ta cika ba. Ka ce mani a inda ka koyi aiki ka ji cewa takardar nan da itace ake yin ta, daji guda ake karyawa a wata ƙasa don a samu abin bugawa. Mu kuwa a lokacin idonmu ya ga yadda katafila ke tuge gawo da tsamiya don a shimfiɗa hanyar ruwa. Ka ce, "Baba, na rubuta labarin itatuwan da sunka mutu, a bisa gawar wasu itatuwa." Sai ka yi alkawari: duk littafin da ya fita daga hannunka, za ka dasa masa itace ɗaya a garkarka ta bakin fadama. Ni kuma na shiga ɗaki na kwance ƙullin da ban taɓa nuna wa kowa ba. 'Ya'yan kurnar ƙofar masallacin tungarmu ne, na tsince su ranar da munka tashi. Uku munka shuka, ɗaya ta rayu.

Ba ka tsaya nan ba. Ka ga manoma na cinna wa karan shinkafa wuta bayan girbi, hayaƙi ya rufe fadama tun daga Wurno har Rabah. Ka riƙa bi kana roƙon su bar maka. Ka dafa shi da toka, ka sa a daka a turmi, ka tace da rariya, ka shanya. Ta farko ta fito kamar ɓawon tuwo. Masu sayar da littattafai a kasuwar Goronyo sunka yi ta dariya, wani ya ce akuya za ta fi ɗalibi son ta. Ba ka yi fushi ba. Ka ce, "To, ko akuyar ta ci, ai an ƙaru." Shekara uku kana ɓatawa kana sakewa, har ka gane sai an gauraya da tsofaffin takardu kafin ta yi laushi ta karɓi tawada.

A nan munka yi faɗanmu na farko. Na iske ka kana jiƙa tsofaffin takardu a rami, na duba na ga wasu da rubutun Larabci. Ko ban iya karatu sosai ba, na san sunan Allah in na gan shi. Na ce, "Mi kake yi haka? Baƙin ruwan ga da ya wanke sunan Ubangiji, kwata za ka tura shi?" Na ɗauki sandata na tafi, wata guda ban taka ƙofarka ba. Kai ka biyo ni, ka ja ni wurin liman. Anka daɗe ana magana. A ƙarshe anka tsaya a kan cewa ruwan a ɗauke shi kamar ruwan wankin allo: kada ya taɓa hanya, kada ya shiga kwata, a kai shi wuri mai tsarki inda ƙafa ba ta bi. Ka juyo ka dube ni ka ce, "Gindin itatuwan nan fa, Baba?" Na ce ban yarda da kowa ya kai shi ba sai ni.

Haka jakina ya samu aiki. Jaki huɗu na binne a kan hanyar nan. Shekara ashirin da biyu, duk ranar da anka jiƙa takarda, tulu biyu a kowane gefe, daga shagonka zuwa garka. Tsohon littafi ya zama sabo, ruwansa ya shayar da itacen wani littafin. Littafin da ya yi bayanin yadda ake rabon ruwan rani ba faɗa, bagaruwa munka dasa masa. Na ajiyar albasa, dogonyaro. Na addu'o'in safe da maraice da ka buga wa mata masu karatun yamma, tsamiya. Na ciwon fitsarin jini da ya addabi masu shiga ruwan kwalbati, wanda ka raba kyauta a Rimawa da Maikujera, aduwa. Talatin da bakwai ne duka.

Alherinka ba a kan itace ya tsaya ba. Shekarar da matata ta kwanta, kai ka ɗauke ta a mota zuwa Sakkwato, ka zauna a benci wuni biyu kamar ɗan da ta haifa. Malamin da ya kawo rubutunsa ba shi da halin bugawa, ba ka taɓa mai da shi ba. Ka kan ce ya je ya tara maka karan shinkafa, kun rabu. Ba ka buga abin da ya wuce bukata. In an ce dubu, ka ce a fara da ɗari biyu, wanda ya ƙare a sake, don kada gara ta karanta saura.

Yanzu ga laifina.

Sau da yawa ka ce mani a rubuta wane itace ne na wane littafi, a rataya wa kowanne ɗan allon ƙarfe, a ajiye takarda a gida. Ni kuma na ɗauka raini ne. Na ce, "Ni da na riƙe gari guda a kaina, itace talatin za su gagare ni? Ko ka ga na fara ruɗewa ne?" Ka yi dariya ka ce, "Baba Halliru, kai littafi ne mai kwafi ɗaya, kuma bangonka ya fara cinyewa." Na ce, "Bangon nan zai ga bayan injinka." Don kunyata ka bari. Sau biyu ka samo waɗanda za su koyi kai ruwan, sau biyu na kore su don sun ɗigar da shi a hanya. Ina jin daɗin a ce ba mai iyawa sai ni. Na ɗauka ina tsare aikin ne, ashe rufe shi nake yi a cikin ƙirjina.

Da ka kwanta, injin ya tsaya, ba a jiƙa takarda, ba ruwan kaiwa. Ni kuma kullum ina gefen gadonka. Garka ta yi wata biyu ba ta ga ƙafata ba.

Ranar sadakar uku jama'a ta cika gida, itacen girki ya ƙare. Ɗanka Tambari, wanda aikin ofis ya riƙe a Sakkwato tun yana saurayi, ya tura masu gatari garka, ya ce su samo wanda ya fi tsufa, mai busassun rassa. Sunka sauke busassun don tukunyar ranar, sunka ga ba amfanin dawowa, sunka kayar da sauran don ya bushe kafin arba'in. Ina zaune cikin masu gaisuwa anka shigo da shi a amalanke. Tun daga ƙaya na gane ta.

Siddiƙu, da kurnar masallacinmu anka dafa shinkafar sadakarka. Anka ajiye mani akushi, na ture shi gefe.

Na tashi da niyyar in ci wa Tambari mutunci gaban jama'a. Na ce, "Ka san mi ka sare?" Ya ce, "Kurna ce, Baba." Na ce, "Kurnar wa?" Ya ce a hankali, "Wa ya taɓa gaya mani?" Ba allo a jikinta, ba takarda a gida. Mutum biyu ne a duniya sunka san labarinta. Ɗaya yana ƙasa, ɗaya kuma ya ƙi faɗi.

Bayan arba'in za a zauna rabon gado. Ba ɓoyayyen abu ba ne, masu albasa sun fara zagaya garkar, don tana kusa da ruwa, kuma mai albasa ba ya son inuwa. Takardar waje ta fi taka fari, ta fi sauƙin samu, ba daka ba shanya. Ban ga laifin magadan da za su ce sun gaji da wahalar da ba su san dalilinta ba. Ni ba ni da haƙƙi ko na taki ɗaya a wurin. Abin da nake da shi kawai, shi ne abin da na hana ka.

Don haka shekaranjiya da safe na je na durƙusa gaban Khadijatu, ɗiyar da anka haifa a gabana, na ce ta ɗauko takarda. Munka tafi garka, Tambari na biye da mu a baya. Itace bayan itace, ina dafa shi ina faɗin littafinsa da shekararsa da wanda ya rubuta, tana rubutawa. A na ashirin da tara na tsaya. Marke ne. Na san ni na haƙa raminsa, na san ranar an yi yayyafi, amma littafin ya ɓace mani. Na yi ta juya kaina har rana ta take. Bai dawo ba, har yau bai dawo ba. Ta bar gurbinsa fari. Ka yi gaskiya a kan bangon, Siddiƙu. Da na saurare ka shekara biyar da ta wuce, da gurbin nan bai zama fari ba.

Khadijatu ta ce sauran takardar da ka shanya kafin ka kwanta za ta isa a buga wannan ta'aziyya tare da jerin itatuwan. Na ce in haka ne ta zama littafi, kuma littafi a gidan nan ba ya fita ba itace. Na tona gefen kututturen, na tsinci 'ya'yan kurna biyar da sunka zuba, na shuka. Rani ne, ban san ko za su fito ba. In sun fito, ba ni zan ga inuwarsu ba.

Tambari bai yi mani alkawarin komi ba, kuma ban nema ba. Amma da munka dawo shagonka, ya tsaya a kan ramin jiƙa takarda, inda baƙin ruwan ƙarshe ke kwance tun kafin jinyarka. Ya ce, "Baba, wannan a ina ake zuba shi?" Da a da ne, sai in ce ya bari ba aikinsa ba ne. Na miƙa masa igiyar jakin. Ya cika tuluna ya nufi garka, ya ɗigar a hanya har sau biyu. Na bi bayansa ina rufewa da ƙasa mai tsabta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargida Hajiya Ladidi, wadda hannunta ya yi kanta a kan taɓaryar dakan kara ba ta taɓa ƙorafi ba. Ga Khadijatu da Tambari da ƙannensu. Ga zuriyar Malam Maccido baki ɗaya. Da duk wanda ya taɓa buɗe ɗan littafi mai kaushin bango a Wurno, Rabah ko Goronyo. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya haɗa kanku ranar rabo.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Siddiƙu. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi. Duk harafin alheri da ya buga, duk tsuntsun da ya sauka a reshen da ya dasa, duk matafiyin da ya huta a ƙarƙashi, Ka sa a mizaninsa. Ka sada shi da inuwar da ba gatarin da ke kai mata. Mu da munka saura, Ka kyautata ƙarshenmu. Amin.

Ni kuma, Siddiƙu, ka yafe mani kurnar. In Allah Ya haɗa mu, tambayata ta farko gare ka ita ce: marken nan na wane littafi ne?