Muryar Matar Direba a Rediyon Mota

"To ka ji shi ko ba ka ji shi ba? Amsa nake so, ba kallo ba."

Direban ya dafa teburin da hannu biyu har kwamfutar ta girgiza. Kunne, wanda ake yi wa tambayar, ya zare abin saurare ya ajiye a hankali.

Sana'arsa ke nan a ƙofar shagon ɗinkin kawunsa, daf da tashar mota: juya sauti. Saƙon murya da waya ke matsewa ya ƙanƙance, rediyon mota ba ya karanta shi. Kunne ne ke mayar da shi irin wanda rediyo ke ɗauka, ya zuba a memori. Tun yana yaro ya fi ji a kan faɗa, sunan ya bi shi. Kowane sauti sai ya saurare shi har ƙarshe, don juyi kan gutsure wutsiyar magana. Ta haka ya san cikin gidajen rabin mutanen tashar. Sai ya kafa wa kansa doka: abin da ya shiga kunne ba ya fita ta baki, ko ga mai wayar.

Dokar ce ta ja masa. Jiya direban ya miƙo waya cikin sauri, ya ce a juye masa duk sautin da ke ciki. A tsakiyar waƙoƙin akwai saƙon matarsa, tana wanke shi tas a kan rowa da minshari da yadda jikinsa ke rawa in uwarsa ta yi tari. Kunne ya ji, ya haɗiye, ya juya kamar yadda aka ce. Yau da safe, mota maƙil da fasinja, waƙa na ƙarewa muryar matar ta karɓe. Wata tsohuwa a kujerar baya har roƙo ta yi a maimaita.

Kawu ya fito da almakashi a hannu. Dama ya daɗe yana mitar teburin na tare masa ƙofa. Ya ce in ɗan ƙanwarsa ya haɗa shi faɗa da 'yan tasha, teburin ba zai kwana a nan ba.

Kunne ya dubi masu jira. In ya ce bai ji ba, direban zai kira shi sakarai, ya zazzage ya wuce, tebur ya tsira. Amma ƙarya ba ta taɓa zama daidai a bakinsa ba.

"Na ji, yaya."

"Ka ji, ka bar ni na zama abin dariya a motata?"

"Ka ce duka. Da na ce ka cire wannan, ka san na san abin da ke ciki. Na zaci hakan zai fi yi maka ciwo."

"Ji munafuki," in ji direban, ya juya ga jama'a. "Kuna ganinsa kamar ba ya cin wake, ashe rumbun asirinku ne."

Wani bakanike cikin masu jiran ne ya fara zare wayarsa daga igiyar caji, yana tambayar ko an riga an buɗe ta. Wata mai sayar da ruwa ta karɓi tata, ta goge da gefen mayafi kamar an zuba mata ƙazanta. Kunne ya ce bai taɓa faɗa wa kowa komai ba. Babu wanda ya musa, babu kuma wanda ya mayar da wayarsa.

"Kafin yamma," in ji kawu, ya nuna teburin da almakashi ya koma kan kekensa.

Kunne ya nannaɗe igiyoyin cajin ɗaya bayan ɗaya, ya sa kwamfutar a jaka. Akwai malamin makarantar da ke bayan tasha, wanda ya naɗi darussa a waya yana so a juya wa ɗalibai. Ya rataya jakar, ya jira wata babbar mota ta wuce, ya tsallaka titi.