Injiniya da Gidajen Bakin Ruwa

Injiniya dai bai taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba. Birkila ne, ya daɗe yana ɗora bulo a gidajen mutane, har ranar da ya sayi farar hular kwano ya daina taɓa siminti. Daga nan sunan ya bi shi.

Aure ne ya ɗaga shi. Yayan matarsa ma'aikaci ne a ofishin filaye, cikin masu sanin inda sabon titi zai bi tun yana kan takarda. Ana cikin hira a falo sai surukin ya ambaci wani daji kamar da wasa, washegari Injiniya ya je ya saye shi a hannun manoma. Kafin a ankara an malala kwalta, an kafa turakun lantarki, shi kuma ya jera gidaje iri ɗaya masu kyan fenti ta gaba. Bankin da a da maigadi ke tare shi a ƙofa, yanzu manaja ke miƙewa ya tarbe shi.

Da surukin ya yi ritaya, Injiniya ya ce ai shi ma idonsa ya buɗe. Ya sayi wani shimfiɗaɗɗen fili da rani, arha kamar kyauta. Matarsa ta tambaya me ya sa ciyawar wurin take kore shar alhali ko'ina ya bushe, ya ce albarka ce.

Damina na sauka, gidajen da ya gina suka tsaya cikin ruwa har gwiwa, kwaɗi suka riga kowa tarewa. Hankalinsa ya tashi, abinci ma ya gagare shi. Da ya natsu sai ya kira mai rubutun allo, aka sauya sunan wurin zuwa Rukunin Gidajen Bakin Ruwa, ya kuma ƙara farashi. Manyan gari, waɗanda dama ba zama za su yi ba, suka ga hotuna a waya suka saye tas.

Har taro aka gayyace shi ya faɗa wa matasa sirrin nasara. Ya ce gaskiya ce da haƙuri da sanin ƙasa, aka yi ta tafi.

Da ya dawo gidan hayar da suke zaune, matarsa ta ce, "Maigida, mu yaushe za mu koma ɗaya daga cikin gidajen naka?"

Ya cire takalmi ya dube ta. "Maman yara, ni da na san abin da ke cikin bangon?"