Shekarar da Aka Rataya Tutoci a Layinmu

Maƙwabcina na dama Bature ne, mai gyaran famfo. Shekaru muna gaisawa ta kan katanga, har ya taɓa gyara mana tukunyar ruwan zafi a tsakiyar sanyi. Wata Asabar na dawo daga tuƙin bas, bayana kamar ya tsinke, sai ga shi ya zo aron tsani. Na ɗauko na ba shi, ban ma tambaye shi abin da zai yi ba.

Da la'asar na leƙa ta taga, na gan shi da abokansa suna bin sandunan fitilun titi suna ɗaura tutar ƙasarsu, fara mai jan gicciye. A lokacin kullum maganar da ake yi a rediyo ita ce baƙi sun yi yawa, a rufe iyaka, a ƙara sayen makamai. Da ya dawo da tsanin ya ga fuskata, sai ya ce, “Ba da irinku muke ba. Kai ai kana aiki.”

Na ce masa na gode, don ban ga abin da zan ƙara ba.

A flat ɗin da ke ƙasanmu akwai wata tsohuwa da ta haura casa'in, yarana suna kiranta Kaka. Ni nake sayo mata burodi da madara daga kasuwar Lewisham. Washegari da na kai mata, na tarar ta ja labule ta zauna a duhu. Ta ce in zauna.

A ranar ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba ni ba. Ba a nan aka haife ta ba, a wani ƙaramin gari ne can cikin Turai, inda mahaifinta yake ɗinkin takalma. Tana yarinya aka fara rataya tutoci a tagogi, ana maci da ganguna, ana cewa ƙasa ta masu ita ce. Ta ce ita ma a lokacin ganguna sun burge ta. Daga baya mai sayar musu da nama ya daina amsa gaisuwar mahaifinta, sannan aka ce ta daina zuwa makaranta. Iyayenta suka sa ta a jirgin ƙasa tare da wasu yara, su suka tsaya. Yaƙi ya ɓarke, ba ta sake ganinsu ba.

Na ce, “Kaka, ai nan ba haka za ta kasance ba.”

Ta ce, “Wataƙila, ɗana. Ni dai na gaji da gani.”

Makon da aka yi babban maci a tsakiyar gari, wurin aiki suka soke zirga-zirgar bas a hanyarmu. Matata ta ƙi fita saboda hijabinta, ta hana yara zuwa islamiyya. Muka wuni a ɗaki muna kallon labarai har kaina ya yi ciwo. Ta ce, “Baban yara, a sabunta musu fasfon gida, ko don gaba.” Babbar 'yarmu ta amsa da Turanci, kamar yadda ta saba, wai ita nan ne gidansu, ina za ta je? A ranar na yi booking ɗin zuwa sabunta fasfon.

Kaka ta rasu da shigowar sanyi. Mu kaɗan ne a wurin binne ta, kuma maƙwabcin nan nawa yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin, yana ta share hawaye. Da za mu dawo ya rage mana hanya a motarsa, ni da matata. Muka yi hirar tsadar gas da ciwon gwiwarsa har muka iso gida. Na haura sama na kwanta, don ina da aikin asuba.