Katin Asibitin da Na Ɓoye a Ƙasan Kwalla

Ni mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ce a Gwaram, haifaffiyar Dingaya, kuma a lokacin da wannan abu ya faru gani nake duk unguwarmu babu wadda ta kai ni wayo. Shekaruna arba'in da 'yan kai, 'ya'yana biyar, maigidana direban bas ne da ke jigila daga Gwaram zuwa Kano ta Birnin Kudu. Ina da baki, ba zan ɓoye ba, kuma ina da son a ce da ni jaruma. Na rubuto muku ne saboda abin ya daɗe yana cin raina, ga shi na san akwai mata irina da yawa.

Ciwon daji ya kama ni a mama na hagu. Aka yi mini tiyata a Kano, aka cire maman gaba ɗaya har da kaluluwar hammata, sannan aka shiga ƙara mini ruwan maganin nan da ake kira kemo. Gashina ya zube, na rame har zanina yana zagaye ni sau biyu. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda masu sayen mai suka ɗauke ƙafa. Babu wadda ta faɗa mini a ido, sai dai na ji a bakin 'ya'yana cewa wai ana ɗaukar ciwon, wai ba a cin abin hannuna. Ranar da na gama kemo likita ya zaunar da ni ya ce aikin bai ƙare ba. Ya ce akwai ƙwayar da zan sha kullum har shekaru, zan riƙa dawowa duk wata uku da katina a duba ni, kuma kada in yarda kowa ya tsaga ko ya soki hannuna na hagu, kada in sa shi aiki mai nauyi. Na ce to, amma rabin hankalina yana gida.

Da na ɗan murmure maigidana ya yanka rago, aka yi saukar Alƙur'ani, aka yi waina, mata suka cika gidan har zaure. A nan bakina ya ja mini. Na miƙe a gabansu na ce na warke sarai, ni da asibiti sai dai in je dubiya. Aka yi ta guɗa. Ba a yi mako guda ba kwalabe suka dawo ƙofar ɗakina, turmina ya koma aiki, na ji na sake zama mutum.

Sau biyu na koma asibitin Kano a ɓoye, da sunan ziyarar ƙanwata da ke aure a can. A na uku ne na gamu da wata Hajiya a tasha, mai tuyar waina, wadda ita ce babbar mai sayen maina, jarka-jarka take ɗauka. Ina laluben kuɗin mota katin ya faɗo daga jakata. Kafin in sunkuya ta riga ni ɗauka, ta juya shi, ta tambaye ni da ƙarfi, a gaban fasinjoji da 'yan kamasho, ko ashe ciwon bai tafi ba. Na yi dariya na ce tsohon kati ne, barka zan je. Kuma da na isa Kano gidan ƙanwata kawai na wuce, ban ko kalli hanyar asibiti ba. Da na dawo na ce wa maigidana likita ya sallame ni baki ɗaya. Bawan Allah ya ɗaga hannu ya yi hamdala har idonsa ya kawo ruwa, ni kuwa na shige ɗaki na ɗaga babbar kwalla ta jerena na tura katin ƙasa. Ƙwayar ma dama ta dame ni da zafin jiki da gumi, don haka da ta ƙare ban nemi wata ba.

Na fi shekara a haka. Wata rana ina wanka yatsana ya taɓa wani ɗan ƙullutu kusa da tabon ɗinkin, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ba ya ciwo. Na janye hannuna da sauri. Daga ranar sai in wanke ko'ina in kewaye wurin, wai don kada in sani. Da kaka ta yi, gyaɗa ta shigo, aiki ya yi yawa, na wuni ina juya tunkuza a turmi da hannu biyu, sai hannun hagu ya fara kumbura. Awarwarona ya ƙi fita, hannun riga ya matse. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta duba ta ce mataccen jini ne, ƙaho kawai yake so. Na jira maigidana ya fita da mota na aika aka kira wanzami. Shi kansa sai da ya tambaye ni ko ba ɓangaren da aka yi wa aiki ba ne. Na ce masa wannan tsohon zance ne, ya yi abin da ya kawo shi. Ya kafa ƙaho, ya tsaga, baƙin jini ya fito, ni har murna nake yi.

A rana ta uku hannun ya yi ja, ya ɗauki zafi kamar an ɗora shi a murhu, zazzaɓi ya rufe ni ina karkarwa da tsakar rana. Maigidana ya bar lodin da ya fara, ya sa ni a bas ɗin babu fasinja ko ɗaya, muka nufi asibiti a Birnin Kudu. Wata nas mai ɗan shekaru ta ga tsagar, ta ga ƙirjina, ta nemi katina na Kano da ranar da na je na ƙarshe. Maigidana ya amsa mata da ƙarfin gwiwa cewa ai an sallame ni tun bara. Ba ta yi masa musu ba. Ni ta zuba wa ido, ta ce a saninta ba a sallamar mai irin wannan ciwo da wuri haka, ta tambaye ni wace ƙwaya nake sha yanzu. A gabansa na faɗi gaskiya, tun daga tasha har ƙasan kwalla. Ya juya ya fita. Da likita ya zo ya laluba tabon, nan take ya tsaya a kan ƙullutun, wanda a lokacin ya kai goro. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce wata bakwai.

Mako guda na yi a kwance ana yi wa hannun magani, sannan aka tura mu Kano. Aka ɗebi naman wurin, aka ɗauki hoton ƙirji da ciki da ƙashi, aka ce mu dawo bayan mako biyu. Ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo irin waɗannan ba. In na kalli autata tana shirin makaranta sai in kau da kai, tsoro ya hana ni cin abinci. Maigidana yana yi mini komai amma ba ya magana. Sau ɗaya kawai, muna hanya, ya ce kusan kullum sai ya wuce ta kusa da asibitin nan na Kano, kujerar gaba kuwa da ya bar mini ita ko da zai rasa fasinja. Ya ce abin da ya fi yi masa ciwo shi ne na bar shi ya yi wa Allah godiya a kan ƙarya. Har yau in na tuna maganar sai na ji kunya ta kama ni.

Sakamako ya fito, ciwon ya dawo. Sai dai hotunan ba su nuna ya kai huhu ko hanta ko ƙashi ba. Likita bai yi mini faɗa ba. Ya ce zuwa asibiti ba lallai ya hana ciwon dawowa ba, amma da an kama shi yana ƙarami, kuma ƙwayar da na daina sha ita ce aka sa ta yi mini gadi. Aka sake tiyata, aka sake kemo, aka ƙara da gasa wurin da hasken na'ura. Gashin kaina ya sake zubewa, wannan karon a idon duk waɗanda na tsaya a gabansu na ce na warke. Hannun kuwa bai koma daidai ba, ba ya iya juya turmi. Sana'ar da na yi ƙarya don in tsare ta, yanzu babbar 'yata ce ke yi, ni ina zaune ina ƙulla leda da hannu ɗaya.

Abin da na koya shi ne gama magani daban, gama zuwa asibiti daban. 'Yar'uwa, in an yi miki wannan aiki, ki yi walimarki, ki gode wa Allah, amma kada ki yi wa mutane alkawarin da zai hana ki komawa. Ki sha ƙwayarki, in ta dame ki ki faɗa wa likita maimakon ki daina. Ki taɓa wurin da kike tsoron taɓawa, kuma kada ki bari aska ta kusanci hannun nan. Masu tambaya a tasha ba su ne za su kwanta a gadon tiyata ba. Katina yanzu yana aljihun gaban rigar maigidana tare da lasisinsa, shi ya karɓe da kansa, ban kuma yi musu ba. Ranar komawata ta gaba saura kwana tara. Ban san abin da za su gani ba, kuma ina jin tsoro, amma kujerar gaba tawa ce.