Saƙon da Aka Karanta a Sadakar Uku

Ko tsufa ya ci ƙarfina har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da wayata ta yi magana da yawuna a gidan mutuwa. Shekaru sun ja, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shagon yadi gare ni a Agege, gadon mahaifina. Muna sayar da shadda da atamfa da leshi, da kuma farin alawayyo, wanda kowa ya san amfaninsa ko da yake ba a cika son ambatonsa ba. Mahaifina bai taɓa rubuta sunan mai saye ba, duk a kansa suke. Ya san wanda matarsa ba ta ɗaura ja, ya san wanda zai aurar da 'ya bayan Sallah. Ni kuwa haifaffen Legas ne, na ɗan taɓa boko, sai nake yi wa wannan tsarin kallon aikin mutanen da. Da shagon ya dawo hannuna, na ƙudura sai na samo manhajar da za ta riƙa adana mini sunayen kwastomomi da lambobinsu da abin da kowa ya saya.

Iri biyu aka kawo mini. Ta farko wata Bayarbiya ce ta nuna mini, haifaffiyar unguwarmu, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Manhajarta ba ta da wani armashi. Kowane mutum da shafinsa, ka rubuta abin da ka sani game da shi, ita kuma ta tuna maka in lokacin gaisuwa ya yi, amma ba ta aika komai sai ka karanta ka latsa da kanka. Ta biyun wani ɗan kwalisa ne ya zo da ita, yana ta ƙamshin turare.

"Oga, dis one no dey sleep," in ji shi. "Customer buy today, three days e go greet am. You no go touch anything."

Wato mutum ya yi saye yau, bayan kwana uku saƙon godiya ya same shi, ni ko yatsa ban ɗaga ba. Nan take zuciyata ta kwanta da ita. Da matar ta dawo jin amsa na faɗa mata, sai ta ce, "Alhaji, mutanenka ba irin masu shiga kanti su fita ba ne. Ka bar hannunka a kan maganarka."

Na yi dariya na ce, "Madam, in da kaina zan riƙa latsawa, to me na saya ke nan?"

Lalaci ne kawai, na yi masa ado na kira shi ci gaba. Da hannuna na zauna na tsara saƙon da Hausa, sau ɗaya tak, na bar wa manhajar gurbin da za ta riƙa cusa sunan kayan. Kuma gaskiya da farko abin ya yi armashi. Mata suna dawowa suna cewa sun ga gaisuwata, ni ko sai hura hanci nake yi.

Akwai wani dattijo, aminin mahaifina, direban tanka a Apapa. Mota ɗaya ta kawo su Legas tun suna samari, shi ne kuma ya karɓa mini aure. Baba nake ce masa. Duk lokacin da ya kuɓuta daga layin tankoki, sai ya zo shagon ya miƙe ƙafa a benci, ya sha shayi, ya zage ni a kan ban iya riƙe almakashi ba. Tun da mahaifina ya rasu, shi kaɗai ya rage mini mai yi mini faɗa in ji daɗi. 'Ya ɗaya Allah ya ba shi, kuma a shagona aka yanki kayan aurenta.

Wata safiya maƙwabcinsa ya shigo idanunsa jajur. Ya ce yarinyar ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa, Baba yana hanya daga Apapa, ana neman likkafani. Na auna alawayyo na yanka. Ya sa hannu aljihu na riƙe masa hannu, don ba a karɓar kuɗin suturar ɗan gida. Bayan ya fita, sabo ya ja ni. Na ɗauki waya na latsa sunan Baba na rubuta abin da ya fita zuwa gidansa, kamar yadda nake yi wa kowane yadi. Ban yi tunanin komai ba, na rufe shago na tafi jana'iza.

Ranar sadakar uku aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan. Direbobi abokan aikinsa sun zo, mahautan Oko-Oba sun zo, malaman unguwa suna gaba. Ina zaune ina fuskantar Baba. An shafa addu'a ke nan wayarsa ta yi ƙara. Baba ba ya karanta boko, kwana ukun nan duk saƙon ta'aziyyar da ya shigo miƙa wa na kusa da shi yake a karanta masa a fili, mutane su amsa da amin. Ya miƙa wa wani direba.

"Daga shagon ɗan amininka ne," in ji direban.

Baba ya ɗago ya dube ni, har da ɗan murmushi, na farko da na gani a fuskarsa tun rasuwar. "Kana zaune a gabana kuma ka aiko da saƙo? To karanta mu ji."

A lokacin ne na gane. Direban ya fara, ya tsaya, ya dubi ƙasa. Baba ya ce masa ya ci gaba mana. Shi kuwa ya karanta: "Mun gode da sayen farin alawayyo a shagonmu. Muna fatan ya yi kyau a jiki. In ka dawo sayen wani, akwai ragi na musamman."

Wani malami ya ja salati a hankali. Baba ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu, ya ce, "Ban gani ba, ɗana, amma matan da suka yi mata sutura sun ce ya isa. Wani kuma, ba ni da wata 'yar da zan saya wa."

Na rarrafa gabansa ina rantsuwa cewa ba ni na aiko ba, na'ura ce take yi da kanta. Ya saurare ni har na gama.

"Wa ya koya mata maganar?"

Na ce ni ne.

"Wa ya gaya mata an kawo yadi gidana?"

Na ce ni ne.

Ya gyaɗa kai. "Ubanka ko 'na gode' bai taɓa ce wa mai sayen likkafani ba. 'Allah ya jiƙan rai' yake cewa, ya sunkuyar da kai."

A ranar na goge manhajar daga wayata, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Na ɗauki limamin masallacinmu muka je ban haƙuri. Baba ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na yarda da gaske yake, don bai taɓa ƙin amsa gaisuwata ba. Sai dai bai sake taka shagon ba. In ya zo wucewa ta ɗaya gefen titin yake bi, ya ɗaga mini hannu daga nesa. Wasu kwastomomi ma sun janye, amma wallahi ba su ne suka dame ni ba.

Bayan 'yan shekaru Baba ya rasu. Ina jin labari na yanki alawayyo mafi kyau da nake da shi, na rungume na nufi gidan da gudu, ina ganin ko wannan hidimar ta ƙarshe zan samu in yi masa. Ƙanensa ya tare ni a zaure, ya dubi abin da ke hannuna, ya ce, "Koma da shi. Ya daɗe da sayen nasa a kasuwar Oyingbo, yana cikin akwatinsa. Cewa ya yi kada a wahalar da kai."

Haka na bi gawarsa maƙabarta da yadin a hammata. Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya zaɓi abin da zai riƙa magana da mutanensa, ya fara tambaya ko zai iya hana abin magana in ya so. Gaisuwa aikin wanda ya san halin da ake ciki ne, ni kuwa na ba da tawa aro don ƙyuya, na rasa uba na biyu tun yana raye.