Sallamar da Pesamino Ya Yi wa 'Yarsa

Pesamino direban bas ne a tsibirin Tutuila tun kafin furfura ta fito masa. Daga ƙauyensu har kasuwar Fagatogo, ana jin kiɗan motarsa kafin a hango ta. Mutum ne da ba ya tsallake al'ada. In an yi rasuwa shi ne farkon zuwa da kwalin kifin gwangwani, in biki ne sai an naɗe tabarmi yake tafiya. Bai yi nisa a karatu ba, amma yana girmama shi kamar baƙon da ba a jin yarensa.

Ranar da wata jami'a a Oregon, can ƙetaren teku, ta ɗauki 'yarsa Leafa, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, tsayar da mota ya yi a tsakiyar titi ya yi wa fasinjoji albishir. Leafa ta ce masa da sauran rina a kaba, don sai an aika wa jami'ar sakamakon zangon ƙarshe, in ya lalace kuma suna iya janyewa. Ya ce wanda ya ce maka shigo ba ya korarka a bakin ƙofa, ko da Bature ne.

Yaro kuwa ba ya barin tsibiri sai ya yi sallama da kowane reshe na dangi, dangin Pesamino kuma har tsibiran Manu'a masu nisa sun kai. Asabar ranar ciniki ce, Lahadi ta coci, sai sallamar ta faɗa kan ranakun makaranta. A kowane gida a gasa gwaza da kifi, Leafa ta kai wa manya, ta zauna tana kore musu ƙuda da mafici, su kuma suna jawabin yabon yadda ta riƙe karatu. A daidai lokacin 'yan ajinta na jarrabawar kimiyya.

"Ƙwaƙwalwar uwarta ce, Pesa," in ji yayarsa Malaefou. "Kai naka kan ai kwakwa ce, ruwa ne kawai a ciki."

Sakamako ya fito ba kyan gani. Da Pesamino ya ji cewa Malama Siniva ta makarantarsu Leafa ce ke aika wa jami'o'i sakamako, sai ya ga ai laifi aka yi wa mutum, laifi kuwa an san maganinsa. Da sassafe ya je ƙofar gidanta ya durƙusa, ya lulluɓe kansa da tabarmar da gidansu ya gada kaka da kakanni, yadda ake neman gafara in an zubar da jini. Maƙwabta suka taru suna tambayar wa aka kashe. Rana ta fara zafi yana nan bai motsa ba, sai malamar ta fito ta yaye tabarmar, alamar an yafe ke nan.

"Tashi, Baban Leafa, na yafe maka har zuciya."

"To, batun aikawar fa, Malama?"

"Ai tun Juma'a ta tafi. Na'ura ce, ba ta san tabarma ba. Shigo ka sha koko."

Ya sha kokon, don ƙin sha rashin kunya ne.

Jami'ar ta ce Leafa ta yi shekara guda a kwalejin tsibiri, in sakamako ya gyaru ta zo. Yanzu kullum da safe tana kujerar bayan direba da littafi a cinya, motar kuma shiru kamar coci ranar Litinin. Fasinjan da ya nemi a kunna kiɗa, sai Pesamino ya nuna masa ƙofa. Kwanan baya Malaefou ta tambaye shi yaushe yarinyar za ta tafi, don dangi su shirya. Ya ce kada ta damu, da jirgi ya tashi ita zai fara faɗa wa.